Girman Kare: Abin da Gado Ya Yanke da Abin da Kiwo Ke Iya Sauyawa

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, ba kowane gida ke da kare ba, amma da wuya a rasa mai ajiye shi a gari, ko don farautar rani ko don tsaron garke da rumbu. Duk wanda aka ba ɗan kwikwiyo kuwa, tambayar da ke fara zuwa masa ita ce ina girmansa zai tsaya. Amsoshi biyu ne ke yawo a bakin jama'a. Ta farko ta mutanen karkara ce, cewa girman kare a akushi yake, in ka ɗura masa nama da nono zai zama ƙato ko da uwarsa 'yar firit ce. Ta biyu daga birni ta fito, inda ake tallar 'yan kwikwiyon ƙasashen waje ta wayar hannu, ana cewa wannan ba ya girma, yadda ka gan shi haka zai tsufa, musamman in an taƙaita masa ci. Ko da yake amsoshin sun yi hannun riga, tushensu ɗaya ne: zaton cewa mai kare ne ke yanke girman karensa. Abin da hujja ta nuna shi ne gado ne ke sa iyaka, kiwo kuma ba ya wuce ɗayan biyu, ko ya kai dabba ga iyakarta ko ya tauye ta a hanya.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Rabin ruɗanin yana cikin kiran abubuwa huɗu da suna ɗaya. Girma, a wannan magana, shi ne tsawon ƙashi da faɗin ƙirar jiki, kuma ana auna shi daga ƙasa zuwa saman kafaɗa, kare yana tsaye a kan ƙafafunsa huɗu. Ƙiba kitse ne da ke taruwa a kan wannan ƙira, yana hawa yana sauka gwargwadon ci da zirga-zirga. Tsumburewa ita ce dabba ta kasa kai inda gadonta ya ba ta dama saboda yunwa ko cuta. Ƙanƙanta ta asali kuma daban take, dabbar lafiyarta ƙalau, haka iyayenta da kakanninta suke. Sai kalmar iri, wadda masu kiwon karnuka a Turai suke nufin wani abu takamaimai da ita: zuri'ar da aka killace shekara da shekaru ba a barinta ta haɗu da wata, ana rubuta sunan uwa da uba a rajista, an kuma rubuta kamanni da tsayin da ake so kowane ɗa ya fito da su. A wannan ma'ana karen gida na ƙasar Hausa ba iri ba ne, zuri'a ce da ƙasa da yanayi suka tace ba tare da rajista ba.

Fudul: zuri'a ɗaya, girma huɗu

Karen da ya fi dacewa a yi wannan bayani da shi shi ne fudul, wanda takardun Turawa ke rubutawa Poodle. Kare ne mai gashi a murɗe, asalin aikinsa ɗauko agwagwar ruwa da maharbi ya harbo ta faɗa tafki. Akasarin masana tarihin karnuka suna danganta asalinsa da Jamus, ko da yake Faransa ce aka rubuta a matsayin ƙasarsa a rajistar duniya. Ba kare ne da ake gani a Kunchi ko Tsanyawa ba, a birnin Kano ma karnukan gadi irin na 'yan sanda sun fi shi yawa nesa ba kusa ba. Amfaninsa gare mu shi ne, kamanninsa ɗaya ne amma girmansa kashi-kashi, don haka ana iya ware maganar girma daga sauran siffofi a dube ta ita kaɗai.

Ƙungiyar masu karnuka ta duniya, FCI, wadda aka kafa a 1911 kuma hedikwatarta ke Beljiyam, ta kasa fudul huɗu. Babba yana da tsayin santimita 45 zuwa 60 a kafaɗa, matsakaici 35 zuwa 45, ƙarami 28 zuwa 35, sai ɗan mitsitsi 24 zuwa 28. Ƙungiyar Amurka, AKC, wadda ta girme ta tun da an kafa ta a 1884, kashi uku ta sani, kuma ƙarami a wurinta shi ne wanda ya wuce inci 10 bai haura 15 ba, wato kusan santimita 25 zuwa 38, da nauyin kilo huɗu da rabi zuwa bakwai. Babban fudul kuwa yakan kai kilo 20 zuwa 30. Ke nan kare mai santimita 37 ƙarami ne a Amurka, matsakaici ne a Faransa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kalmar ƙarami a bakin mai talla ba ma'auni ba ce sai an tambaye shi santimita nawa yake nufi. Akwai kuma waɗanda ake tallatawa da sunan masu shiga kofin shayi don tsananin ƙanƙanta. Babu ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin nan da ta amince da wannan a matsayin kashi na daban, kuma irin waɗannan karnuka sun fi saurin faɗuwar sukari a jini da karayar ƙashi da gocewar ƙoƙon gwiwa.

Yadda ƙashi ke tsawo da lokacin da yake tsayawa

Karya takan yi kwana 63 ko kusa da haka da ciki. Ɗan da ta haifa lafiyayye yakan ninka nauyinsa cikin kwana bakwai zuwa goma, idonsa ya buɗe a mako na biyu. Tsawon da yake yi bayan haka daga wuri ɗaya yake fitowa: kusa da kowane ƙarshen dogon ƙashi akwai wani faifan guringuntsi mai laushi wanda ke ta haifar da sabon ƙashi. Muddin faifan nan yana nan, kare yana ƙara tsayi. Ranar da ya sandare ya zama ƙashi, tsayi ya ƙare, ko da za a yanka masa rago kullum.

Lokacin sandarewar ya danganta da irin karen. Binciken da cibiyar Waltham ta Ingila ta buga a 2004, inda aka bi nauyin 'yan kwikwiyo na iri dabam-dabam, ya nuna cewa ƙanana da matsakaita suna kai kusan cikakken nauyinsu a wata tara zuwa goma, manya da ƙatti kuwa sai sun yi wata 11 zuwa 15. Ƙirjin manyan da tsokarsu ma suna ci gaba da cika har wajen shekara biyu. Ƙaramin iri yakan kai rabin nauyinsa na ƙarshe a wajen wata uku, ƙato kuwa sai ya haura wata biyar. Saboda haka ƙaramin fudul yakan gama tsayinsa kafin ya cika shekara, abin da yake ƙarawa daga nan tsoka ce da gashi. A 2017 aka fitar da jadawalin girman 'yan kwikwiyo da aka gina a kan bayanan karnuka kusan 50,000 daga asibitocin dabbobi na Amurka, irin katin awon jarirai da ake ba iyaye mata a asibiti, kuma an raba shi ne bisa nauyin da ake sa ran karen zai kai, domin layi ɗaya ba zai ɗauki ƙarami da babba ba.

Akwai abin da ke biyo bayan wannan wanda ya shafi mai saye kai tsaye. A mako shida ko bakwai, ɗan babban kare da ɗan ƙaramin kare mai wata huɗu suna iya zuwa nauyi ɗaya. Wanda bai san shekarun abin da ke hannunsa ba, bai san komai game da inda zai tsaya ba. Haƙori ne ke warware wannan. Haƙoran nono 28 ne, suna fara zuba a wajen wata uku zuwa huɗu, na dindindin guda 42 kuma suna kammala fitowa a wata shida zuwa bakwai. Ƙaramin kare mai cikakkun haƙoran manya ya kusa gama girmansa. Mai ƙananan haƙora masu tsini kamar allura kuwa tafiyarsa da saura.

Abin da aka gano a cikin jini

Tun a 1984 wani bincike da Eigenmann da abokan aikinsa suka buga ya auna wani sinadarin girma da hanta ke fitarwa, wanda ake kira IGF-1, a jinin fudul manya da ƙanana. Sun tarar yawansa yana bin girman jiki sau da ƙafa, na babban fudul ya ninka na ɗan mitsitsi wajen sau shida. A 2007 ayarin Elaine Ostrander na cibiyar binciken lafiya ta Amurka ya buga a mujallar Science cewa wani salo guda na ƙwayar gadon da ke sarrafa wannan sinadari yana nan a kusan dukkan ƙananan karnuka. Ƙwayar gado ita ce ɗan saƙon da ɗa ke karɓa daga uwa da uba wanda ke tsara wata siffa ta jikinsa. Bayan shekara shida, a 2013, aka nuna cewa sauye-sauye a ƙwayoyin gado shida kacal sun bayyana kusan rabin bambancin girman da ke tsakanin ire-iren karnuka. A wajen ɗan Adam ɗaruruwan ƙwayoyi ne ke haɗuwa su tsara tsayi, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. A wajen kare 'yan kaɗan ne ke riƙe da ragamar, shi ya sa masu kiwo suka iya fitar da ƙaramin fudul daga babba ta hanyar zaɓen ƙanana suna haɗa su da ƙanana, zuri'a bayan zuri'a. Ba da yunwa aka ƙanƙantar da shi ba.

Manomin ƙasar Kano ba baƙo ba ne ga wannan ilimi, a kan kare ne kawai bai saba ɗora shi ba. Mai sayen ɗan rago don turka a kasuwar Ɗambatta ko Bichi ya san ɗan Balami da ɗan 'Yankasa ba wuri ɗaya za su tsaya ba ko da harawa da dusa ɗaya suka ci, kuma kafin ya taya sai ya buɗe bakin ragon ya duba haƙori. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Inda abinci da cuta ke shigowa

Faɗin cewa gado ne ke sa iyaka ba ya rage wa kiwo daraja, domin a karkararmu yawancin karnuka ba iyakar gado ce ke tsayar da su ba, wahala ce. Ɗan kwikwiyo yana bukatar abinci kusan ninki biyu na karen da ya gama girma idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, kuma cikinsa ƙarami ne, sai an ba shi sau uku ko huɗu a yini. Abin da yake samu a gidaje da yawa shi ne ƙanzo da ragowar tuwon dawa sau ɗaya da dare. Hatsi yana ba da ƙarfi amma ba ya wadatar da abin gina tsoka, kuma sinadarin ƙashi, wato kalsiyam, kaɗan ne a cikinsa. Wani abin da mutane ba su zata ba shi ne zallar nama ma haka take: tsoka ba ƙashi ba ta da kalsiyam, kuma ɗan kwikwiyon da aka raina da ita kaɗai yakan tashi da ƙashi mai laushi da ƙafafu a lanƙwashe. Ɗan nono ko tsala, da ƙwai dafaffe, da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu, da wake dafaffe a cuɗa da tuwon, sun fi tsokar da ake tinƙaho da ita amfani ga ƙashinsa.

Babban ɓarawon girma kuwa tsutsar ciki ce. Akwai wadda ke ratsawa daga uwa zuwa ɗa tun yana ciki, akwai mai shan jini a hanji da ke bin nono. Ɗan kwikwiyo mai ƙaton tumbi da siraran ƙafafu da gashi a hargitse da farin dasashi ba ƙoshi ya yi ba, tsutsa ce ta cika shi. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar a fara ba da maganin tsutsa tun yana mako biyu, a riƙa maimaitawa duk bayan mako biyu har ya kai wajen wata uku, a haɗa da uwar. Ga kaska da ƙuma masu zuƙe jini, ga cutar gudawar jini mai saurin kisa da ta bazu a duniya tun 1978, wadda allurar rigakafi ke karewa. Wanda ya tsira daga waɗannan da wuri yana iya cimma 'yan uwansa idan faifan ƙashinsa bai rufe ba. Wanda ya kai wata tara ko goma a cikin wahala ya tsumbure ke nan har abada. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce ba a kiwon kare ranar farauta, kuma watanni shidan farko su ne kiwon.

Ta ɗaya gefen, ɗura ba ta ƙara ƙashi. Gwaje-gwajen da aka yi a jami'ar Cornell a shekarun 1970 a kan wasu ƙattin karnuka sun nuna cewa wanda aka bari ya ci iya cinsa yana saurin tashi, amma gaɓoɓinsa ne ke biyan kuɗin saurin. Wani dogon bincike kuma da aka buga a 2002 ya bi karnuka 48 na irin Labrador tun suna ƙanana har mutuwarsu. Rabinsu an rage musu kashi ɗaya cikin huɗu na abin da 'yan uwansu ke ci, kuma waɗannan da aka rage wa sun fi daɗewa a duniya da kusan shekara biyu, ciwon gaɓɓai ma ya yi jinkirin kama su. A lura, ragi ne daga cin da ya wuce kima, a cikin abinci mai cikakken amfani. Ba hujja ba ce ga mai hana ɗan kwikwiyo abinci don ya zauna ƙarami, domin wannan zalunci ne, kuma abin da zai samu kare ne mara lafiya.

Hujjojin masu ja

Mafarauci zai ce shi da idonsa ya ga 'yan ciki ɗaya, wanda aka kai gidan mahauci ya fi wanda aka kai gidan talaka girma nesa. Abin da ya gani gaskiya ne, fassarar ce ke da gyara. Na gidan mahauci ya kai iyakarsa, ɗayan bai kai ba, kuma da za a ninka wa na farkon abinci ba zai ƙara ko da faɗin yatsa ba bayan ƙashinsa ya rufe. Ban da haka, 'yan ciki ɗaya ba dole ne gadonsu ya zama ɗaya ba. Namiji yakan ɗara mace, kuma karyar da ke yawo a sake tana iya ɗaukar cikin karnuka biyu ko uku a lokaci guda, ta haifi 'ya'yan da uwa ce kawai ta haɗa su.

Daga nan ne ƙalubale mafi ƙarfi ke tasowa: idan ba a san uban ba, ina amfanin cewa a dubi iyaye? A ganina wannan ja yana da nauyi, kuma dole a yarda cewa hasashen girman karen gida ba zai kai na fudul mai rajista daidaito ba. Sai dai karnukan gari ɗaya ba su cika nisa da juna a girma ba, yawancinsu matsakaita ne, don haka ganin uwar da ganin karnukan da ke kewaye ya isa ya ba da kimanin da ba zai yi nisa da gaskiya ba. Inda hasashe ke rushewa shi ne inda aka shigo da jinin baƙon kare, babba ko ƙarami, domin 'ya'yan gauraye suna iya bin kowane ɓangare. Shi kuwa zancen cewa faɗin tafin ƙafa yana nuna girman gaba, alama ce mai rauni. Tana iya raba ɗan ƙaton iri da ɗan ƙarami, amma ba ta iya faɗin wanda zai fi wani a cikin 'yan uwa.

Akwai kuma masu ganin siririn kare su ce yunwa ce. Karen Azawak na Buzaye, wanda ake samu a Nijar da Mali da Burkina Faso, yana kai santimita 60 zuwa 74 a kafaɗa amma nauyinsa bai wuce kilo 15 zuwa 25 ba, ana ganin shacin haƙarƙarinsa alhali lafiyarsa lau. Ƙirarsa ke nan, ta gudu da jure zafi, kuma da yawa daga karnukan farautar ƙasar Hausa suna da wani abu na wannan ƙira. Mai son ya ga karen farautarsa ya yi ɓul-ɓul yana rage masa abin da aka ajiye shi dominsa.

Wasu kuma za su ce duk wannan magana ba ta kamaci Musulmi ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ta bayyana cewa ana ajiye kare don tsaron shuka ko rakiyar dabbobi ko farautar neman abinci, ta kuma ambaci hani a kan cinikin karnuka tare da saɓanin malamai game da wanda aka yi izinin ajiyewa. Karen ado irin ƙaramin fudul bai shiga waɗannan dalilai uku ba, kuma mai niyyar sayensa ya kamata ya san haka. Amma wanda ya ajiye kare bisa izini, haƙƙin ci da sha da magani yana wuyansa, kuma sanin yadda dabbar ke girma yana cikin sauke wannan haƙƙi.

Wane girma ne ya dace da wannan ƙasa

Tun a shekarun 1960 Michael Mortimore, yana jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bayyana kewayen Kano a matsayin ƙasar da jama'a suka yi yawa har kusan kowane taƙi ana noma shi duk shekara, ana raya shi da takin awaki da tumaki. A irin wannan wuri daji ya ƙare, naman da ya rage zomo ne da gafiya da kurege da fakara, gidaje kusa da juna, kaji da 'yan awaki da yara suna yawo a fili ɗaya. Hatsin da ke rumbu kuma na mutane ne kafin na dabba. Ƙaton kare mai kilo 50 ko 60 irin waɗanda ake shigowa da su don gadin gidajen birni yana cin abin da zai riƙe karnukan gida biyu ko uku, yana shan wuya a zafin Afrilu da ke kai digiri 40, kuma ba ya daɗewa: wani nazari na 2013 ya ƙiyasta cewa duk ƙarin kilo biyu a nauyin iri yana tafiya da kusan wata ɗaya na rayuwa. Ƙaramin fudul yakan kai shekara 12 zuwa 15, cinsa kaɗan ne, amma gashinsa ba ya daina tsiro, sai an yi masa aski duk bayan mako shida ko makamancin haka, kuma wanda ya san yadda ƙarangiya ke kama gashi bayan damina ya san abin da zai same shi a gonar gero. Kaska ma ta sami maɓoya. Idan kuma macen fudul ta haɗu da karen gari da ya ninka ta girma, haɗarin wahalar haihuwa yana ƙaruwa, a wurin da likitan da zai yi mata aiki yake nesa.

Karen gida kuwa ba tarkacen karnukan Turawa ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka. Binciken da Adam Boyko da abokansa suka buga a 2009 a kan karnukan ƙauyukan Masar da Yuganda da Namibiya ya nuna cewa akasarinsu zuri'a ce ta asali mai tarihin kanta. Matsakaicin jikinsa da gajeren gashinsa sakamakon tacewar zafi da ƙarancin abinci da cututtukan wurin ne, kuma gauraya shi da baƙo ba tare da lissafi ba yana iya zubar da wannan riba don neman girman da gidan ba zai iya ciyarwa ba. Abin da ɗan karen gida ya fi bukata shi ne a bar shi ya sha nonon uwarsa har mako bakwai ko takwas, a fitar masa da tsutsa, a gyara masa tuwonsa, a kuma yi masa allurar haukan kare idan ya cika wata uku. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana cikin masu sarrafa wannan allura a Najeriya, kuma malaman dabbobi na ƙananan hukumomi su ne hanyar da ta fi kusa da manomi wajen neman ta, ita da maganin tsutsar da aka auna daidai da nauyin ɗan kwikwiyonsa.